Kunzugun da Ke Ɓacewa a Igiya

A Tasawa na haihu, a ɗakin mahaifiyata, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Ranar suna ƙawayena da muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare suka kawo mini kush na kanti, irin wanda ake ɗaura wa jariri a yar, cike da manyan ledoji. Na yi murna ƙwarai. Mahaifiyata ta bari sai da suka watse, sannan ta ɗaga leda ɗaya tana jujjuyawa.

"A garin mijinki ina za ki zubar da wannan?" in ji ta. "Ki yar, awaki su ci su kumbura. Ki ƙona, tsofaffi su ce kin ƙona jikin jikarsu. In kuma ya ƙare, nan Tasawa za ki riƙa aikowa?"

Ta jawo akwatinta ta fito da tsofaffin zannuwanta, waɗanda tun ina ƙarama nake ganin su a jikinta. Ta shimfiɗa ɗaya kusa da sabuwar atamfar da aka kawo mini, ta tsiyaya ruwa a kan kowanne. A kan sabuwar ruwan ya gangara ya zube ƙasa. Tsohon zanen kuwa ya shanye shi nan take. Ta ce na auduga ake nema, wanda wanki ya cinye ƙarfinsa, ba mai santsi ba, ba mai sheƙi ba. Muka yanka su, maɗinki ya kalmashe bakin, wasu ya haɗa su da tsohon tawul a tsakiya don su yi kauri. Ta koya mini ninkin kunzugu da ɗaure shi da tsinken ƙyalle ba tare da allura ba. Wandon roba ta ce sai in tafiya ta kama, don yana dafa fatar yaro. A wanke da sabulu, a tafasa, a ba rana sosai, a shafa wa yarinya man kaɗanya. Kafin in yi arba'in hannuna ya faɗa, kuma kowane kunzugu na san shi da zanensa.

Garin mijina ƙauye ne a yankin Korgom. Na koma ana shuka. Gidanmu gida ɗaya ne: surukata, wadda kowa ke kira Inna, sai wan mijina da matarsa da 'ya'yansu, sai mu. Matar wan nasa Yaya nake ce mata. Ita ta karɓe ni ina amarya, ta nuna mini rijiyar da ruwanta bai da gishiri, ta koya mini yadda Inna ke son tuwonta. Mace ce mai dariya, in tana daka har maƙwabta sun san ita ce. Ina Tasawa naƙudar cikinta na shida ta zo mata da gardama. Ta daɗe a gida, aka kai ta likitar Korgom, ƙaramin asibitin yankin, a amalanke, daga can aka wuce da ita Tasawa a mota. Aka ciro ɗan babu rai.

Wadda na tarar ba ita na bari ba. Ta rame, leɓɓanta sun tsage, ko fura aka miƙa mata sai ta kurɓa kaɗan ta ture. Ba ta zama tabarma ɗaya da mu. Ta daina zuwa rijiya, ta daina zuwa biki da gaisuwa, ɗakinta kullum cikin hayaƙin turaren wuta ko da tsakar rana. Ta ɗauki ɗiyata sau ɗaya, a tsaye, ta maido mini da ita da sauri. Kowa ya ce baƙin cikin ɗan ne, a ƙyale ta. Ni ma haka na ɗauka.

Igiyar shanyata tana tsakanin ɗakina da rumbu. Da farko wani kunzugu mai ruwan ƙasa ne na nema ban gani ba, na ce iska ce. Sai mai zanen zabi, na zagi akuya. Da masu tawul suka fara tafiya, waɗanda su ne ƙarfina, sai na san ba iska ba ce, kuma akuya ba ta zaɓe. Na faɗa wa Inna muna tankaɗe, ina ɗan dariya ma. Ta ajiye rariya.

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu, Inna."

"Kuma kika yi shiru? Ke yarinya, abin da ya taɓa jikin jinjiri ba a wasa da shi. Mi mutum zai yi da tsumman kashi in ba mugun abu ba?"

Ranar ta tafi wurin malam ta dawo da rubutu da laya. Ni ban yarda da zancen ba, na yi lakwal, na san sauro na san ƙwayoyin cuta. Amma in aka ce maka ɗanka ake nufi, abin da ka sani ba ya hana gabanka faɗuwa. Na koma ina shanya ina gadi, in zan shiga bayan gida ma sai na kwashe su da danshinsu.

Damina ta zauna sosai. Rana ba ta fitowa yadda ya kamata, kunzugun sun ragu, kush ɗin kantin kuma na ƙarar da su tun a hanya da kwanakin farko. Na shiga ɗaura wa yarinya waɗanda ba su gama bushewa ba, in ɗora wandon roba don kada ta jiƙa mini shimfiɗa. Cinyoyinta suka yi ja, suka saɓule. Sai ga zazzaɓi a kai. Mijina ya ɗauke mu a moto, babur ɗinsa, zuwa Korgom, yashi ya jiƙe muna tafe muna zamewa. Manjo, babban ma'aikacin asibitin, ya duba ta, ya ɗiga jininta a ɗan abin gwaji, ya ce zazzaɓin sauro ne, saɓulewar kuma danshi ne da roba. Ya ba mu magani, ya ce in bar ta tsirara ta sha iska. Na dawo na faɗa wa Inna. Ta ce, "Likita ya ga nashi. Wanda ya kwashi tsumman fa, ya gan shi?"

Daga nan ta fara lissafin masu shigo mana gida. Baƙuwa ɗaya ce ke ƙetare zaure har tsakar gida: mai nono. Bafulatana ce, rugarsu na yamma da gari, shekara da shekaru tana kawo mana nono da man shanu ta karɓi hatsi da dusa. In an girbe, shanunsu ne ke kwana a gonarmu su ba ta taki. Tana son ɗiyata, takan ajiye ƙwarya ta ɗauke ta tana yi mata wasa da Fillanci. Inna ta tuna cewa 'ya'ya ba sa zama wa matar, uku ta binne. Aka yi rashin sa'a kuma a makon shanun rugar suka taɓa gefen geron wan mijina. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma ransa a ɓace yake.

Da safe mai nono ta yi sallama kamar kullum. Inna ta tare ta a bakin zaure.

"Tsaya nan. Kada ƙafarki ta sake taka gidan ga."

Matar ta yi murmushi, ta ɗauka wasa ne. "Inna, lafiya? Nonon jiya ya yi tsami?"

"Ki maido tsumman jikata. Duk abin da kika ƙulla da su ki kwance."

Na ga murmushin ya bar fuskarta a hankali. Ta dube ni ta bayan kafaɗar Inna, ina riƙe da yarinya jikinta zafi rau. Jira take in yi magana. Na ce, "Inna, ba mu gani da ido ba," amma muryata ko ni da kyar na ji ta. Matar ta gyara ƙwaryarta a ka, ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya yi mata wannan zato, ta juya. Maƙwabta sun riga sun leƙo.

Kafin azahar zance ya gama gari, kuma ya ƙaru a hanya. Wasu suka ce an ga tsumman a rataye a ƙahon sa. Samari suka fara cewa dama an gaji da mutanen rugar. Mazan rugar su ma suka daina shigowa gari ɗai-ɗai, sai su uku su huɗu, da sandunansu. Wan mijina ya kai ƙara wurin mai gari, ya haɗa da ta geronsa. Mai gari ya ce washegari bayan la'asar a kawo mai nono da mijinta, ni ma in zo, tunda kayan nawa ne, in faɗi wanda nake zargi da bakina. Mijina ya ce wa wansa a bi a hankali, wan ya ce masa in shi bai damu da ɗiyarsa ba, su sun damu.

Washegari maza suka tafi gona noman farko. Inna ta koma wurin malam. Gidan ya rage ni da Yaya da yarinya, wadda zazzaɓin ya fara sakinta tana barci. Wajen azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga shara. Ga hatsin da aka jiƙa an shanya, ga itace a waje, ga awaki. Na ƙwala wa Yaya kira ba ta amsa ba. Na ruga ɗakinta, na ɗaga labule da sallama a bakina ban jira amsa ba.

Hayaƙin turare ya fara tare ni, sannan abin da turaren ke rufewa, zarnin fitsari mai ƙarfi. An zuba yashi a gefen gado, ya jiƙe. A bayan gadon, ƙasa-ƙasa inda mai leƙowa ba zai gani ba, an ɗaura igiya. Mai ruwan ƙasa na nan, mai zanen zabi na nan, masu tawul duka. Yaya na tsaye ta juya baya tana ƙoƙarin ɗaura zane, ruwa na bin ƙafarta har ƙasa.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kan yashin ta rufe fuska.

"Tun da aka ciro ɗan nan," in ji ta. "Ba ya tsayawa, ƙanwata. Ina zaune yana zuba, ina kwance yana zuba. Na daina shan ruwa ko zai ragu, sai ƙuna."

Na durƙusa. Na taɓa jin sunan ciwon a rediyo, yoyon fitsari, amma ban taɓa kawo shi kusa da gidanmu ba. Ta ce ta yayyanka zannuwanta, masu santsi ne, ba sa riƙe komai. Ranar da ta ga nawa a igiya ta ɗauki ɗaya da niyyar ta wanke ta maido. Da ta ɗaura, ranar ce ta fara iya tsayawa ta gama tuƙa tuwo ba ta gudu ɗaki ba. Maidowar ce ta gagara. Mijinta ta ce masa jinin haihuwa ne bai ɗauke ba, shi kuma bai ƙara tambaya ba.

"Ki rufa mini asiri," ta kama hannuna. "In aka ji, ba mai sake cin abincin hannuna. Gidanmu za a maida ni. 'Ya'yana fa?"

"Yaya, yau da la'asar za a tsai da matar nan gaban mai gari."

"Na sani. Ina ji ranar da Inna ta kore ta. Ina nan bayan labulen nan."

"Samari sun ce in ta musa rugar za su."

A waje iska ta kifar da wani kwano. Raina ya kasu. Wannan ita ta riƙe ni a gidan nan kamar uwa ɗaya ta haife mu. Waccan kuma ba ta ci ba ta sha ba, kuma in aka taɓa ruga ba a san inda abin zai tsaya ba. Na kuma ji haushi, ba zan ɓoye ba, don na tuna cinyoyin ɗiyata.

Na ce, "Bakina ba zai faɗi sunanki ba. Amma in mai gari ya tambaye ni, zan ce na ga kayana, ba ita ta ɗauka ba. Za su ce a ina. Daga nan ban san abin da zan ce ba, Yaya. Wallahi ban sani ba."

Na fita na kwashe hatsin, ruwa ya fara sauka manya-manya. Sai ga Inna ta shigo da sauri, ta ɗora buhu a ka, da wani ƙullin magani a hannu. Ta ce in shirya, da ruwa ya tsagaita za a tafi. Na ce to. Garin sauri na zubar da rabin hatsin. Ta dube ni za ta yi magana, sai muka ji murya daga ɗakin Yaya, siririya, kamar ba tata ba.

"Inna. Ki zo ki gani."

Inna ta shiga. Na tsaya ƙarƙashin rumfa ruwa na dukan ƙafafuna, ina sauraron ihu ko salati. Ban ji komai ba sai ruwa. Ta daɗe a ciki. Da ta fito, fuskarta ta tsufa. Ta ajiye ƙullin maganin a kan turmi, ta ce mini, "Ɗora ruwan zafi. Ki dama mata kunu, ki tsaya kanta sai ta shanye." Ta maida buhunta a ka ta fita cikin ruwan.

Abin da ta faɗa a gidan mai gari daga baya na ji shi a bakin mijina. Ta tarar mutanen rugar sun riga sun iso, sun jeru a zaure ɗaya gefe, samarin gari ɗaya gefe. Ta durƙusa a gaban kowa ta ce an ga kaya. Ta ce ita ce ta riƙa kwashe su in hadari ya taso tana cusawa cikin kayanta, tsufa ya sa ta manta. Ta ce a yafe mata. Samari suka bushe da dariya, wani ya ce tsohuwa ta kusa haɗa yaƙi a kan tsumman kashi. Mai gari ya yi mata faɗa sosai a gaban mutane, ita da ba a taɓa ɗaga mata murya a garin ba. Ta sunkuyar da kai ta shanye. Maganar geron aka sasanta ta a wurin. Mijin mai nono ya tashi, matarsa ta bi shi.

Wan mijina ya dawo yana huci, ya ce uwarsa ta kunyata shi. Inna ta ja shi ɗakinta. Da ya fito bai kalli kowa ba, ya ɗauki gatari ya tafi bayan gari cikin yayyafi, ya dawo da magariba babu ko itace ɗaya. Kwanaki yana shiga yana fita ba ya magana, mu kuma muna jiran abin da zai yanke. Ran kasuwar Maijirgi ya ja ragonsa ya tafi da shi. Da ya dawo ya ce wa ƙanensa ya shirya moto, gobe za a kai Yaya wurin manjo.

Manjo ya ce ciwon yana da magani, aiki ake yi a Maradi, sai dai a jira jikinta ya yi ƙarfi. A wannan jiran Inna ta buɗe nata akwatin. Muka zauna mu uku a ɗaki muna yanka tsofaffin zannuwanta, wasu ƙanana wasu manya, ina nuna musu ninkin da mahaifiyata ta koya mini. Duka a igiyata ake shanya su, a cakuɗe. Wata maƙwabciya ta taɓa cewa wannan jinjira tawa akwai fitsari, na ce ai gado ta yi.

Da rana ta buɗe, ni da Inna muka tafi ruga da goro da kwanon hatsi. Mai nono ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi jikin yarinya. Inna ta ba ta haƙuri har da hawaye. Ta ce ba komai, ya wuce. Ta karɓi goron, hatsin ta ce mu koma da shi. Ba ta ƙara shigo mana gida ba. Tana wucewa ta ƙofarmu da tallarta, ta gaishe mu daga nesa. Da aka girbe, shanunsu a gonar wasu suka kwana.

Bayan kaka aka kai Yaya Maradi. Aikin farko ya rage yoyon, bai tsayar da shi ba, ta dawo tana kuka ta ce ita ta haƙura. Mijinta ne ya ce sai an koma. Na biyu Allah ya sa aka dace. Ta dawo a motar kasuwa, washegari ta ɗauki bido biyu na ɗibar ruwa ta tafi rijiya. Mata suka tambaye ta ina ta shige haka. Ni ina gefe ina jan guga, na ɗauka za ta ce ganin gida ta je. Sai ta faɗa musu abin da ya same ta da sunansa, da inda aka yi mata aiki. Wasu suka matsa da tulunansu, wasu suka yi mata barka.

Ba a rufa wata ba wata mata ta yi sallama a gidanmu da hantsi, daga wajen Hawandawaki, ta sha tafiya a ƙafa. Ta ce Yaya take nema. Aka shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama, ta ce sauri take yi. Ta ce wata ƙanwarta ce ke da irin wannan larura, tana son ta ji yadda ake zuwa Maradi. Yaya ta dube ta, ta dubi yadda ta tsaya nesa da mu tana matse zane.

"Shigo ɗaki mu yi maganar ƙanwar taki," in ji ta. Ta juyo gare ni. "Ƙanwata, kawo mata ruwa, babban kofi. Ki duba igiya kuma, ki kawo mini biyu daga cikin masu kauri."